Daga Garaya zuwa Jita: Faya-fayan Zamani da Ma'aunin Karɓuwarsu a Ƙasar Maraɗi

Gabatarwa

A ƙasashen Turai da Amurka, idan marubuci ya tashi rubuta tarihin wata ƙungiyar makaɗa, yakan tarar da rabin aikin an riga an yi masa. An san ranar da kowane faifai ya fito, da kamfanin da ya buga shi, da matsayin da ya kai a jadawalin ciniki na mako-mako, har da yawan makonnin da ya yi a can kafin ya sauko. A ƙasar Hausa babu irin wannan lissafi. Waƙa takan game gari, ta ƙetare iyaka, ta shekara goma a bakin yara da manya, amma ba a bar wata takarda da za ta nuna wa na baya cewa an yi hakan ba.

Wannan maƙala za ta bi sawun kiɗan zamani da aka ɗauka a faifai da kaset a jihar Maraɗi, wato kiɗan jita da gangunan Turawa wanda ya tsiro a kan tushen kiɗan gargajiya. Za ta dubi yadda ya riski garuruwan da ke kan babbar hanyar ƙasa, daga Gidan Rumji a yamma zuwa Agiye da Gazawa a gabas, sannan ta yi tambaya guda: da wane mudu ake auna nasarar mawaƙi a inda babu jadawali, kuma wa zai adana sakamakon awon?

Abin da ake nufi da jadawalin ciniki

Mujallar Billboard ta Amurka ita ce ta fi shahara wajen wannan lissafi. Tun daga shekarar 1958 take fitar da jerin waƙoƙi ɗari da suka fi kasuwa a kowane mako. A 1988 ta buɗe wani jadawali na daban saboda wani reshe na kiɗan rok wanda matasa ke yi a ƙananan kamfanoni da gidajen rediyon jami'o'i, nesa da manyan ƴan kasuwar waƙa. A 1991 kuma aka fara ƙidaya faya-fayai da na'ura a daidai lokacin da mai saye ke biyan kuɗi a kanti, maimakon dogaro da abin da masu kantuna suka faɗa da baki.

Sakamakon wannan sauyi bai jima ba ya bayyana. Ƙungiyar Nirvana, wadda ta fitar da faifanta na farko a wani ƙaramin kamfani na birnin Siyatil a 1989, ta saki faifai na biyu mai suna Nevermind a watan Satumba na 1991. Zuwa watan Janairu na 1992 faifan ya hau saman jadawali, ya ture na Michael Jackson. Masu tarihin kiɗa a can suna kafa hujja da wannan mako guda wajen cewa ɗanɗanon matasan Amurka ya juya. Abin lura a nan shi ne, jadawali ya zama shaida ne domin akwai abubuwa uku a bayansa: kamfanin da ke buga faifai, kantin da ke sayarwa da rasit, da kuma mai ƙidayar da kowa ya yarda da shi. Inda aka rasa ɗaya daga cikinsu, lissafin ba zai tsayu ba.

Ƙasar da kiɗan ya tsiro

Ba za a fahimci kiɗan Maraɗi ba sai an waiwayi yadda aka kafa ta. Bayan da Katsina ta faɗa hannun masu jihadi a farkon ƙarni na 19, sarakunanta na Haɓe sun yi arewa, kuma a wajen 1819 Ɗan Kasawa ya zauna a Maraɗi. Gobirawa su ma, bayan yaƙin Gawakuke na 1836, sun kafa sabuwar fadarsu a Tsibiri, wadda ke cikin gundumar Gidan Rumji ta yau. Waɗannan fadoji biyu sun taho da tamburansu da kakakinsu da algaitarsu, sun kuma riƙe wasu al'adu da suka raunana a kudu. Daga cikinsu akwai bori, wanda yake da mazauni a tsarin sarauta kansa: Iya a Maraɗi, Inna a Gobir, su ne shugabannin ƴan bori.

Bori kuwa ba ya tafiya sai da kiɗa. Kowane iska yana da takensa, kuma mai goge ko mai garaya, da masu kaɗa ƙwarya a gefensa, su ne ke kiran sa. Wannan ya sa makaɗan kwarin Maraɗi suka gaji taska mai yawa ta take da karin sauti. Masana daga waje sun lura da haka tun da wuri. Jacqueline Monfouga-Nicolas ta wallafa littafi a kan borin wannan yanki a 1972, Veit Erlmann kuma ya yi nazarin makaɗan kwarin Maraɗi da kiɗan borinsu a rubuce-rubucen da ya fitar a farkon shekarun 1980. A ƙauyukan Agiye da Gazawa da Gangara, inda noman gero da gyaɗa ya fi ƙarfi, ga kiɗan noma, ga kalangun mahauta da na ƴan mata a dandali, ga kiɗan ƴan kokawa bayan kaka. Duk wannan yana nan kafin na'urar ɗaukar murya ta iso.

Rediyo, samariya da gasa

Gidan rediyon ƙasa ya fara aiki a Yamai a 1958, aka kuma sauya masa suna zuwa Muryar Sahel a 1974. Shekaru da dama, shi ne kusan wuri guda a faɗin ƙasar da makaɗi zai shiga a ɗauki sautinsa da kayan aiki na kirki. Abin da aka ɗauka yakan zauna a zaren faifan gidan, a sa shi a iska idan an ga dama, ba tare da an buga shi don sayarwa ba. A ɗaya gefen, mutanen Maraɗi suna kama Rediyon Kaduna kamar a tsakar gidansu, don haka Mamman Shata da Ɗanmaraya Jos da Musa Ɗanƙwairo ba baƙi ba ne a kunnensu. Katsina ta fi Yamai kusa da su nesa ba kusa ba.

Zamanin Janar Seyni Kountché, daga 1974 zuwa 1987, ya farfaɗo da samariya ya mai da ita ginshiƙin harkar matasa. Bikin matasa na ƙasa, wanda aka soma a Damagaram a 1976, ya sa kowace jiha tana shirya ƴan wasan kwaikwayo da mawaƙa da makaɗa don karawa da sauran. Ana fara tankaɗe tun daga ƙauye zuwa gunduma kafin a kai babban birnin jiha, saboda haka yaro mai murya a Gazawa ko Gidan Rumji yana da tsani da zai hau. Gaskiya ne cewa yawancin waƙoƙin na faɗakarwa ne da yabon manufofin gwamnati, amma a nan ne matasa da yawa suka fara taɓa jita da makirufo.

A 1987 aka ƙirƙiro gasar kiɗan zamani ta ƙasa, aka sa mata sunan Ɗan Gurmu, shahararren makaɗin nan na Tawa. Jim kaɗan bayan haka aka buɗe cibiyar horar da makaɗa a Yamai da tallafin asusun raya ƙasashe na Turai, wadda ke ɗauke da sunan Alhaji Taya. Manufar gasar da cibiyar ɗaya ce: a samu kiɗan zamani wanda kowa zai ji ya ce na Nijar ne, maimakon kwaikwayon kiɗan Kongo da na Kuba da na Mali da ƙungiyoyin birane suka daɗe suna yi. Daga wannan yunƙuri ne ƙungiyar Takeda ta fito, kuma a cikin wannan zubi aka ji sunayen Adams Junior da Fati Mariko da Sani Abusa da Musa Pusi da Yakuba Mumuni, wanda daga baya ya jagoranci Mamar Kassey.

Sa'adu Bori da faifan 1994

A cikin wannan zubi, muryar Maraɗi ita ce ta Sa'adu Bori. Laƙabinsa kaɗai ya isa ya nuna inda ya ɗebo ruwa. Ya ɗauki zafin kiɗan gargajiyar yankinsa, da salon amshi tsakanin jagora da ƴan karɓi, ya ɗora su a kan jita da gangunan zamani, tare da ɗanɗanon rege wanda Bob Marley da Alpha Blondy suka cusa wa matasan Afirka ta Yamma a shekarun 1980. Waƙarsa da Hausa take, Hausar da manomi da ɗan tasha suke ji ba tare da tafinta ba.

A farkon rabin shekarun 1990 Ibrahima Sylla, ɗan Senegal ɗin nan da ya shirya faifan Soro na Salif Keita a 1987, ya mai da hankalinsa kan Nijar, ya ɗauki Musa Pusi da Sa'adu Bori. Abin da ya biyo baya shi ne faifan Niamey Twice, wato “Yamai sau biyu”, wanda kamfanin Stern's na Landan ya fitar a 1994. Mawaƙan biyu suka raba faifan, ɗaya da Zabarmanci, ɗaya da Hausa. Yana cikin faya-fayan farko na kiɗan zamanin Nijar da suka shiga kantunan Turai, kuma littattafan jagora na kiɗan duniya sun riƙa ambatonsa duk lokacin da suka zo kan Nijar. Sai dai sunan faifan ya ɓoye wani abu: rabinsa ba na Yamai ba ne, na Maraɗi ne.

A Turai faifan ya tsaya a hannun ƴan tsirarun masu sha'awar kiɗan Afirka. Inda ya yi tashe na gaske shi ne gida da kuma arewacin Najeriya. Waƙar “Dango” da ƴan uwanta sun bi hanyar Ɗan Isa da Jibiya suka shiga Katsina da Kano, suka zama abin sawa a gidajen biki da motocin haya. Wannan ya juya alƙiblar da aka saba da ita. Shekara da shekaru waƙar Hausa daga kudu take hawowa arewa, sai ga ɗan Maraɗi ya sa Kanawa suna neman kaset ɗin Nijar. Sa'adu Bori ya rasu a 2008 sakamakon haɗarin mota, Allah ya jiƙansa.

Mudun da jama'a ke awo da shi

Me ya sa irin wannan nasara ba ta bar alƙaluma ba? Amsar tana cikin yanayin kaset kansa. Kamfanin Philips ya fito da shi a 1963, kuma zuwa shekarun 1980 rakoda mai batir ta shiga ƙauyukan da lantarki bai kai ba. Kaset yana da arha, yana jure ƙura, sannan duk mai rakoda mai baki biyu yana iya kwafe shi. Mai sayar da kaset a tasha ko a kasuwar mako yakan sayi guda ɗaya, ya cika fanko hamsin da shi. Daɗin daɗawa, karyewar darajar kuɗin sefa da rabi a watan Janairu na 1994, a shekarar da faifan Sa'adu ya fito, ta sa kayan da aka buga a Turai suka fi ƙarfin talaka. An kafa hukumar kare haƙƙin mawallafa ta ƙasa a tsakiyar shekarun 1990, amma kasuwar ƙauye ta yi mata nisa. Ke nan gwargwadon yadda waƙa ta karɓu, gwargwadon yadda kwafinta ya fi na asali yawa.

Wannan ba ya nufin jama'a ba su da ma'auni. Suna da shi, sai dai ba a rubuce yake ba. Na farko shi ne teburin mai kaset: waƙar da yake ƙure wa lasifika ranar kasuwa ita ce wadda ya san za ta tsayar da masu wucewa. Na biyu shi ne filin zaɓen masu sauraro. Bayan taron ƙasa na 1991 an buɗe ƙofa ga gidajen rediyo masu zaman kansu, irin su Anfani da ta buɗe reshe a Maraɗi, daga baya kuma rediyoyin karkara suka bazu, kuma takardun gaisuwa da masu sauraro ke aikowa sun nuna waƙar da ake so a kowane mako. Na uku shi ne biki: wa ake gayyata, nawa ake liƙa masa. Na huɗu, wanda ya fi sauran tabbas, shi ne ranar da ƴan mata suka ɗauki karin waƙa suka sa a gaɗa, ko makaɗin kalangu ya mai da ita take. Waƙar da ta kai nan ta wuce hannun mai ita, ta zama ta gari.

Wannan mudu yana da fifiko guda a kan na Billboard, domin yana auna daɗewar waƙa a zukata, ba cinikin mako ɗaya kawai ba. Rauninsa kuma a fili yake. Mawaƙi ba ya cin gumin faifansa sai abin da ya samu a fili, sannan shaidar tana mutuwa tare da waɗanda suka gani.

Kano, fiyano da wayar hannu

Daga ƙarshen shekarun 1990 finafinan Hausa na Kano suka sauya kasuwar baki ɗaya. Fim ɗin Sangaya da waɗanda suka biyo shi sun kawo waƙar soyayya ta namiji da mace a kan sautin fiyanon Yamaha, inda mutum ɗaya a ƙaramin ɗaki yake yin aikin makaɗa bakwai. Ƙungiya mai jita da ganguna tana da tsadar riƙo, ga kayan aiki, ga sufuri, ga rabon kuɗi, don haka ta kasa gogayya. Masu basira daga jihar Maraɗi suka fara bin hanyar Kano. Fitacciya a cikinsu ita ce Fati Nijar, haifaffiyar Maraɗi, wadda waƙarta “Girma-Girma” ta zaga ko'ina ake jin Hausa. Sunan da ake kiranta da shi ma shaida ne cewa a Kano aka raɗa shi.

Sai wayar hannu ta zo ta karɓi aikin kaset. Waƙa ta koma cikin ɗan katin waya, ana tura ta daga hannu zuwa hannu, masu shagon caji kuma suka gaji masu teburin kaset. Wani abin mamaki ya faru ta wannan hanya. Mdou Moctar, Ba'abzine mai kaɗa jita daga jihar Tawa, ya ɗauki faifansa na farko, Anar, a Sakkwato a 2008, da irin na'urar gyaran murya ta waƙoƙin finafinan Hausa. Waƙoƙin suka bazu a wayoyi har Mali, inda wani Ba'amurke, Christopher Kirkley, ya tsince su ya sa ɗaya a tarin da kamfaninsa na Sahel Sounds ya fitar. A 2021 Mdou Moctar da ƙungiyarsa suka fitar da Afrique Victime a kamfanin Matador, ɗaya daga cikin sanannun gidajen wancan reshe na rok da aka ambata a baya, suka bi shi da Funeral for Justice a 2024.

Nijar a jadawalin duniya

Ba shi kaɗai ba ne. Faifan Nomad na Bombino, ɗan Agadas, wanda Dan Auerbach na ƙungiyar Black Keys ya shirya, ya hau saman jadawalin kiɗan duniya na Billboard a 2013, kuma faifansa Deran na 2018 ya sa ya zama ɗan Nijar na farko da aka tsayar takarar lambar Grammy. Ƙungiyar Tal National ta Yamai, wadda Hausa ke cikin harsunan da take waƙa da su, ta fitar da Kaani a 2013 da Zoy Zoy a 2015 da Tantabara a 2018 a kamfanin FatCat na Ingila.

Wannan abin alfahari ne ga ƙasa baki ɗaya. Amma duk wanda zai rubuta tarihin kiɗan Nijar daga jadawalin waje kaɗai, zai ɗauka cewa jitar Abzin ce kusan dukan labarin, alhali Hausa ce harshen da mafi yawan ƴan ƙasa ke ji. Jadawalin waje yana nuna abin da kunnen mai saye na waje ya saba da shi ne. Jitar Abzinawa ta yi masa kama da rok ɗin da ya sani, waƙar Hausa kuwa ƙarfinta yana cikin magana, cikin habaici da kirari da zambo, abubuwan da ba sa ƙetare teku cikin sauƙi.

Akwai misalai biyu da ya kamata su tsaya mana a rai. Ƙungiyar Azna de l'Ader ta Tawa, ƙarƙashin jagorancin Mona, ta fara kiɗan rok mai zafi tun shekarun 1970, ta kwashe shekaru da dama tana wasa ba ta da faifai a kasuwa, sai bayan 2010 Sahel Sounds ya tattara abin da aka ɗauka nata a gidan rediyon ƙasa ya fitar da sunan Zabaya. Haka kaset ɗin Mamman Sani na 1978, wanda ya kaɗa da ogan mai aiki da lantarki, ya kusa ɓacewa kafin a sake buga shi a 2013. Duka biyun sun tsira ne domin wani ya ajiye zare, wani kuma ya zo nema. Sau biyun, mai neman daga waje ya zo.

Kammalawa

Abin da ya gabata ya nuna cewa kiɗan zamani na ƙasar Maraɗi yana da tushe a fada da dandali da fagen bori, ya samu tsani a samariya da gasar Ɗan Gurmu, ya kai ƙololuwa a zamanin kaset, sannan fiyanon Kano da wayar hannu suka sauya masa kama. Nasararsa ta gaske ce, amma shaidarta tana cikin kwalaye a ɗakunan tsofaffin masu kaset, da ma'ajiyar gidajen rediyo, da ƙwaƙwalwar waɗanda suka yi rawa a lokacin. Zaren kaset ba ya jure zafi da ƙura har abada, mutane kuma suna tafiya.

Aikin da ya rage bai fi ƙarfin ƙungiyoyin al'adu na Agiye da Gazawa da Gidan Rumji ba. A nemi tsofaffin masu sayar da kaset a karɓi aron abin da suka ajiye, a juye shi a kwamfuta, a rubuta sunan mawaƙi da makaɗansa da wurin da aka ɗauka da shekarar, gwargwadon abin da aka tabbatar. A zauna da ma'aikatan rediyo na da, a ji waƙoƙin da aka fi roƙo a zamaninsu. Malamin makaranta yana iya tura ɗalibansa su tambayi iyayensu waƙar da aka kaɗa ranar aurensu, su rubuto ta da ingantacciyar ƙa'idar rubutun Hausa, ya zama darasin harshe da na tarihi a lokaci guda. Kwafin abin da aka tara a kai shi Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo ta Maraɗi da cibiyar binciken IRSH, tare da sanin iyalan mawaƙan da yardarsu, domin haƙƙinsu ne. Tun da dokar ƙasa ta 2025 ta ɗaga Hausa zuwa matsayin harshen ƙasa, littattafan karatu za su buƙaci matani daga rayuwar jama'a, kuma waƙoƙin nan suna cikin mafi kusa da hannu.

Bahaushe ya ce da tsohuwar zuma ake magani. Amma sai an same ta a cikin tulu. Idan malamai da ƙungiyoyi suka fara wannan tattarawa tun masu shaida suna raye, wanda zai rubuta tarihin Sa'adu Bori da tsararsa nan gaba zai samu abin dafawa a Maraɗi, ba sai ya aika Landan a ba shi labarin gidansu ba.